Soyayyar Taliya Irin ta Meksiko da Kayan Miyan Hunkuyi

Daga watan Janairu zuwa Maris, duk wanda ya bi hanyar Zariya zuwa Hunkuyi da Kudan, ko ya ratse ta Tashar Yari ya nufi Makarfi da Ikara, ba sai an gaya masa kakar tumatir ta kama ba. Kwanduna ne jere a bakin titi, manyan motocin Legas na lodi, yara na tallar abin da ya saura a faranti. Bayan gari kuma, a kan duwatsu da shimfiɗaɗɗun buhuna, jan kauɗa ne ke shan rana. A irin wannan lokaci uwargida a yankinmu tana da tumatir fiye da dabarar sarrafa shi. Yau miyar dage-dage, gobe dafa-duka, jibi a sake komawa dage-dage, har yara su fara ture kwano.

A wannan kaka nake yawan yi wa iyalina wani girkin taliya wanda asalinsa na ƙasar Meksiko ne, maƙwabciyar Amurka ta kudu. A wurin ƙanwar maigidana na koye shi. Aure ya kai ta jihar Teksas, wadda har zuwa 1836 yanki ce ta Meksiko, kuma har gobe jama'arta da yawa 'yan asalin can ne. A hannun wata maƙwabciyarta ta gani. Da ta zo ganin gida, wata la'asar ta shigo madafi ta ce mini, "Anti, ba ni babbar tukunyar nan da taliya leda biyu, yau ni zan yi na dare." Ta kakkarya taliyar, ta zuba ta ɗanya cikin mai mai zafi. Surukata tana zaune a kan tabarma tana tsince wake, ta ɗago kai ta ce, "Ke 'yar nan, lafiya? Wa ya taɓa soya taliya ba a dafa ba?" Ita kuwa ta ce, "Inna, ki dai bari ki ɗanɗana." Inna ta ɗanɗana, ta nemi ƙari, ta kuma ce a ajiye mata na safe.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baƙuwar tamu ba ta fito da komai daga jakarta ba. Duk abin da ta nema yana cikin kwandon cefanena: tumatir, tattasai, attaruhu, albasa, tafarnuwa, wake, man gyaɗa, lemon tsami. Hakan kuwa yana da dalili. Da dama daga cikin abin da manomanmu na fadama ke nomawa da rani, daga wancan ɓangaren duniya suka taso. Masara a kudancin Meksiko aka fara nomanta kimanin shekara 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawar daji. Barkono mai dangin tattasai da shambo a can aka fara shuka shi. Tumatir kuwa danginsa na daji suna yankin tsaunukan Andes a Kudancin Amurka, amma mutanen Meksiko ne suka mai da shi amfanin gona. Lokacin da Sifaniyawa ƙarƙashin Hernan Cortes suka ci Tenochtitlan, babban birnin Aztek, a 1521, sun tarar ana sayar da tumatir da barkono iri-iri a kasuwa, ana niƙa su a kan dutse ana miya. Jiragen ruwan Sifaniya da Fotugal ne suka bazu da irin a duniya. Masara da barkono sun riga isowa gaɓar Afirka ta Yamma, tumatir ya biyo baya da daɗewa. Kakannin kakanninmu da kuka da kuɓewa da daddawa suka yi miya, yajinsu kuma masoro da kimba da citta. Attaruhun nan da muke ji kamar da shi aka halicce mu, jinsinsu ɗaya da barkonon habanero da yankin Yukatan na Meksiko ya yi suna da shi.

Taliya ita kuma ta ɗaya hanyar ta bi. Masanin ƙasa Al-Idrisi, a littafin da ya kammala wa Sarki Roger na Biyu na Sisili a 1154, ya ambaci garin Trabia inda ake yin busasshiyar taliya ana loda wa jirage zuwa ƙasashen Musulmi da na Kirista. Littattafan girki na Andalus na ƙarni na 13 suna da girke-girken siraran taliya. Sifaniyawa suka gada, suka haye teku da ita tare da alkama, ta je ta tarar da tumatir da barkono a gidansu. Mu ma a nan, tun kafin ta leda ta cika kantuna, muna da taliyar murji, wadda ake dangantawa da Larabawan da suka zauna a Kano, kamar yadda ake danganta musu alkaki da gurasa. Saboda haka idan na ɗora wannan tukunya a Hunkuyi, ba na jin ina yin wani baƙon abu. Hannun mutanen Meksiko ne kawai ya bambanta da namu a wuri biyu: suna gasa kayan miya kafin su markaɗa, suna kuma soya taliya kafin su dafa.

A can sunan girkin sopa seca de fideo, kuma sassauƙa ne ƙwarai: siririyar taliya, tumatir, barkono, romo, sai a yaryaɗa tsamin madara a sama da farin cuku da fiya. Da rana suke cinsa, a babban abincinsu na tsakanin azahar da la'asar, kafin a kawo nama. Zuba niƙaƙƙen nama da wake da masara a ciki ya fi kama da salon mutanen Teksas. Ni shi nake bi, domin abincin dare a gidan Bahaushe dole ya zama kwano ɗaya mai riƙe ciki har safe. Abu ɗaya da ya kamata a sani: a girkin Meksiko ana yawan amfani da kitsen alade da wani niƙaƙƙen namansa mai yaji. Musulmin da tafiya ta kai shi can sai ya tambaya kafin ya ci. Mu man gyaɗa da naman sa ko na rago sun wadatar, ba kuma abin da ya ragu a daɗin.

Ga yadda nake yi wa mutum takwas. Taliya leda biyu, wato kilo ɗaya. Tumatir matsakaita kamar goma sha biyar, kuma na fi son mai tauri da tsoka irin UTC, wanda ba ya cika ruwa. Tattasai shida, attaruhu huɗu, manyan albasa biyu, tafarnuwa ƙwaya shida. Wake gwangwanin madara biyu. Nama rabin kilo in da hali, in babu a bar shi, waken ya isa.

Da wake ake farawa don shi ne mai ɗaukar lokaci. A wanke shi sosai, a tafasa, a zubar da ruwan farko, saboda maganin ƙwari da wasu 'yan kasuwa ke zuba wa na ajiya. A sake ɗorawa har ya nuna amma kada ya fashe. Kanwa kaɗan ƙwarai, ko ma a bar ta. Waken mutanen Meksiko wani jinsi ne daban, baƙi ko mai ɗige-ɗige, ya fi namu tauri. Namu ɗan asalin Afirka ne, Nijeriya ce ma kan gaba a duniya wajen nomansa, kuma ya fi saurin nuna, don haka a sa masa ido. A gefe guda a tafasa ƙashi ko ɗan naman da albasa da citta da masoro. Ni ina jefa ɗan daddawa a romon. Wannan ƙari nawa ne, ba su san ta ba a can, amma tana zama da tumatir gasasshe zama mai kyau.

Sai gashi, wanda a nan rabin daɗin yake. A ja garwashi gefe, a ɗora ragar waya irin ta masu gasa masara, a jera tumatir da tattasai da attaruhu, da albasa an raba ta biyu, da tafarnuwa cikin ɓawonta. Mai risho ko gas ta yi amfani da busasshen kasko, ba mai ba ruwa; su ma a can a kan faifan kasko na yumɓu ko ƙarfe suke yi. Za a ji fatar tumatir tana tsagewa, ruwansa na ɗiga a garwashi yana cuwa, tattasai yana kumbura yana yin baƙi-baƙi. A riƙa juyawa. Tafarnuwa da attaruhu su ke fara yi, a kwashe su da wuri. Idan tumatir ya yi laushi har ya saki jiki, a kwashe duka a kwano a rufe na ɗan lokaci, fatar tattasai za ta saɓule da kanta. A cire 'ya'yansa. Fatar tumatir kuwa ina barin kaɗan daga wadda ta ƙone, don ita ke kawo ƙamshin hayaƙi. Mutanen Meksiko suna son wannan ƙamshi har suna da barkono na musamman da suke busarwa da hayaƙi, chipotle.

Matanmu da yawa suna kashe tsamin tumatir da kanwa ko bakin foda. Wanda aka gasa ba ya buƙatar haka. Wuta ta riga ta janye ruwan, ta fito da zaƙinsa, launin ma ya fi ja. Tun da na gane wannan, ko miyar shinkafa zan yi, in ina da garwashi sai na gasa.

A jajjaga a turmi ko a markaɗa. Na fi son turmi, don miyar ta fi kama jikin taliya idan ba ta yi sumul ba. Gidan da ke da ƙananan yara a daka attaruhu daban, a sa ɗaya kawai a tukunya, sauran a kai wa manya a ɗan kwano. Markaɗen zai kai kamar lita ɗaya.

Yanzu taliya. Wannan aikin yara ne, kuma suna rububinsa: a naɗe ta cikin tsabtataccen ƙyalle, a karya a bakin turmi, tsawon ɗan yatsa. Ƙyallen yana hana ta tsalle ta watse a tsakar gida. A zuba man gyaɗa ludayi ɗaya a tukunya mai kauri, wuta matsakaiciya, a zuba leda ɗaya tukuna, kada a haɗa biyun, sai an kwashe ta fari a soya ta biyu. Daga nan ba zama, ba amsa waya, ba leƙa ɗaki. Hannu na kan muciya. Da farko ba za a ga komai ba, sai ƙarar taliya a gindin tukunya. Can sai ta fara yin fari-fari, sannan ta juya ta ɗauki launin ƙuli-ƙuli, ƙamshin gasasshiyar alkama ya tashi. Minti huɗu zuwa biyar ke nan. A kwashe nan take da matsami, domin tsakanin soyuwa da ƙonewa taƙi ɗaya ne, kuma wadda ta ƙone ɗacinta ba ya ɓoyuwa ko an zuba mata kayan ƙamshin duniya. Wasu sanduna za su fi wasu duhu, wannan ba laifi ba ne.

Amfanin suyar biyu ne. Na ɗaya ɗanɗano. Na biyu, zafin mai yana sauya sitacin da ke jikin taliya ta yadda ba za ta saki yauƙi ta caɓe ba idan ta shiga ruwa. Duk wadda ta taɓa yin dafa-dukan taliya ta dunƙule mata ta san ciwon da nake nufi. Soyayyar tana shan miya har cikinta, amma kowane sanda yana tsaye da kansa.

A cikin man da ya rage a soya niƙaƙƙen naman da ɗan albasa har ya yi ja, a kwashe. A juye markaɗen, a soya kamar minti goma har mai ya taso. A zuba romo mai zafi lita ɗaya da rabi, wato kimanin ledar ruwa uku, da gishiri da dunƙule. A ɗanɗana tun yanzu, ruwan ya ɗan fi yadda ake so gishiri kaɗan, don taliya za ta shanye. In ya tafasa a juye taliyar. Ruwan ya tsaya daidai kanta, kada ya haura. A rufe, a janye itace, a bar ta a kan garwashi minti goma sha biyu zuwa sha biyar. Sau ɗaya ko biyu za a buɗe a juya daga ƙasa. In ruwa ya ƙafe ba ta nuna ba, a yayyafa ruwan zafi kaɗan. Saura minti uku a zuba wake da nama, a juya a hankali. A sauke, a bar ta a rufe minti goma kafin a taɓa. Ba tacewa, ba ɗauraya da ruwan sanyi, ba abin da ake zubarwa a kwata.

Abin da ake ɗorawa a sama shi ya fi ba mutanenmu mamaki. Kindirmo, mai kauri, sabo, wanda bai yi tsami sosai ba, a ɗan sa masa gishiri a kaɗa, a yaryaɗa cokali biyu a kan kowane kwano. Ranar farko maigidana ya dubi kwanonsa ya ce, "Nono kuma a kan taliya?" Inna ta ce masa, "Kai da ka tashi da dambu da nono, yau ne za ka yi baƙunta?" Akwai hikima a ciki: sinadarin da ke sa barkono zafi ba ya narkewa a ruwa, shi ya sa yaro ke ta kwankwaɗar ruwa bakinsa bai huce ba, amma madara tana kama shi ta wanke. Ga shi kuwa Allah ya ba mu Fulani a kewaye, kullum da safe ƙwaryar kindirmo na shigowa gari. A dai saya a wurin wadda aka san tana dafa madararta kafin ta kwantar.

Madadin farin cukunsu, cukun nono na Fulani ya yi daidai, a marmasa shi. In ba a samu ba, awarar waken suya da ake soyawa a kowace unguwa ta yi, a yanka ƙanana. Fiya, ita ma 'yar asalin Meksiko ce, in lokacinta ne kuma ta iso daga Jos, a yanka a jera. Sai lawashi, sai lemon tsami kowa ya matsa da kansa. A gefe kuma ɗanyen tumatir da albasa da ɗan attaruhu yankakku ƙanana, da gishiri da ruwan lemo, kusan abin da mai tsire ke haɗa wa namansa. Wannan a wanke shi da ruwa mai tsabta da gishiri, tunda ba zai ga wuta ba.

A gidanmu bayan magariba ake ci. Kwanon maigida daban, na Inna daban, yara kuma babban tire ɗaya a kan tabarma, sun kewaye shi. Na lura da wani abu: ranar da aka yi wake da shinkafa, ƙaramar cikinsu tana tsince waken tana turawa gefe. A wannan girkin ba ta yi, don waken ya sha miyar gashin ya shige tsakanin gajerun taliya, cokali yana ɗebo su tare. Gajartar ma alheri ce ga yara, ba jan doguwar taliya har ƙirji, ba ɓata riga.

Da damina labari ya sha bamban, kuma a nan nake so mata su saurare ni. Daga watan Mayu tumatir yake fara ɓuya, kwandon da manomi ya rasa mai saye a Fabrairu ya koma abin da sai mai hali. A 2016 da tsutsar nan da manoma ke kira sharon ta afka wa gonaki, har gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kuma tsutsar ta sake dawowa a shekarun baya-bayan nan. Masana'antar sarrafa tumatir ta Ikara, wadda aka kafa a 1981 zamanin Gwamna Balarabe Musa don ta riƙa ɗauke rarar kaka, ta yi shekaru tana aiki tana tsayawa. Yana yi mini ciwo in ga gumin manomi yana ruɓewa a bakin titi da rani, sannan da damina matarsa ta aika a sayo mata na leda. Kafin manya su gyara nasu, abin da ke hannunmu shi ne kauɗa. Wadda ta samu dama ta yanka nata da kanta lokacin araha, ta shanya a kan tabarma mai tsabta bisa rumfa ko gado, nesa da ƙurar titi da awaki, ta adana a wuri busasshe.

A nan ma girkin Meksiko yana da abin koya mana, domin su mutanen busasshen barkono ne, suna da ire-irensa da yawa, kowanne da aikinsa. Ba sa jefa shi tukunya haka nan. Sukan ɗan gasa shi a busasshen kasko na daƙiƙoƙi kaɗan har ya yi ƙamshi, su jiƙa a ruwan zafi kamar minti ashirin, sannan su markaɗa. Haka nake yi wa busasshen tattasai: a goge ƙurarsa, a cire 'ya'yan, a ɗan gasa, a jiƙa. Kauɗa kuma a wanke ta ruwa biyu ko uku don yashi, a jiƙa, a haɗa su da gasasshiyar albasa a markaɗa. Miyar tana fitowa da duhu, mai nauyin ɗanɗano, wasu a gidanmu ma sun fi son ta. In kauɗar ta yi tsami, ɗan ɓallin mazarƙwailar Makarfi ya isa ya daidaita ta. Su ma suna da irin tasu mazarƙwailar ta ruwan rake, piloncillo, suna kuma sa ta a wasu miyoyinsu.

Damina tana da nata rabon da rani ba shi da shi: ɗanyar masara. A watan Agusta da Satumba a gasa goyo uku, a ɓanɓare ƙwayoyin, a zuba tare da wake a ƙarshen girki. Zaƙinta da ɗan taurinta a tsakanin taliya mai laushi abu ne da ya cancanci a jira shi shekara guda.

Mai son yi da taliyar Hausa, ta inji da ake shanyawa a igiya ko ta murji, tana iya yi, kuma ta ma fi kusa da siririyar da suke amfani da ita a can. Sai dai ta tabbatar ta bushe ƙarau kafin ta shiga mai. Ta rage wuta, don cikin minti biyu take soyuwa, ta rage romo da kamar kashi ɗaya cikin uku, ta kuma fara dubawa tun daga minti na shida. Abin da ya kwana kuwa, da safe a yayyafa masa ruwa kaɗan a ɗumama a kasko, a fasa ƙwai biyu a kai, a zuba wa 'yan makaranta a kula.